Ƙaramin faɗa-wutan kurmi, Glyphipterix forsterella: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban nazarin ƙwari, masu ɗaukar hoton halittu da masu kula da dazuzzuka suka fi maimaitawa game da wani ɗan ƙaramin ƙwaro na dazuzzukan Turai da arewacin Asiya. An fara da na share fage, sannan aka shiga masu zurfi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Wane irin ƙwaro ne wannan?

Faɗa-wuta ne, wato ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, daga cikin ƙwarin da fikafikansu ke lulluɓe da 'yan ɓawo-ɓawo masu laushi da ke manne wa yatsa kamar gari idan an taɓa su. Masana sun bayyana nau'i kusan 160,000 na wannan babban rukuni, kuma malam-buɗe-littafi bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ko tara ba. Ragowar duk faɗa-wuta ne, kuma da yawa daga cikinsu ƙanana ne ƙwarai, irin waɗanda mutum zai wuce ta kansu shekara da shekaru bai san da zamansu ba.

Glyphipterix forsterella yana cikin waɗannan ƙananan. Danginsa su ne Glyphipterigidae, masu nau'i wajen 500 a duniya, waɗanda tsutsotsin galibinsu ke cin ciyayi masu siririn ganye na wurare masu danshi. Shi wannan ya kama gida ne a kurmi mai laima, kuma rayuwarsa kacokan ta rataya a kan ciyawa guda, wadda ake kira Carex.

Yaya girmansa, kuma yaya kamanninsa suke?

Idan aka shimfiɗa fikafikansa aka auna daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ana samun milimita 8 zuwa 11. Idan ya sauka ya naɗe su a bayansa, da ƙyar ya kai tsawon ƙwayar shinkafa. Da ido kawai, baƙin ɗigo ne mai ɗan ƙyalli a kan ganye.

Sai an sa gilashin ƙara girma ake ganin aikin da ke jikinsa. Fikafikan gaba ruwan ƙasa ne mai duhu, da sheƙi irin na tagulla. A gefen gaba akwai jerin gajerun fararen zane, a gefen baya kuma, wajen tsakiya, akwai farin zane guda mai kauri wanda ya lanƙwasa ya nufi ƙarshen fiffike. Tsakanin waɗannan akwai 'yan layuka da ɗigo-ɗigo masu walƙiyar azurfa. A can ƙarshen fiffiken akwai baƙin tabo, kuma a cikin tabon akwai ɗan ɗigon azurfa. Wannan ɗigo shi ne shaidarsa, kamar yadda za a gani a amsar da ta yi maganar bambanta shi da 'yan'uwansa. Bakin fiffiken yana da ɗan lotsawa ƙasa da tsinin, kuma gezar wurin tana da baƙin zane da ya fito kamar 'yar wutsiya.

A ina ake samunsa?

A mafi yawan ƙasashen Turai, har da Birtaniya, sannan ya miƙa gabas ta Rasha har Japan. Sai dai faɗin ƙasar da ya mamaye ba ya nufin ko'ina aka duba za a gan shi. Zamansa nan da can ne: gungu a wannan kurmi, babu ko ɗaya a na kusa da shi. Wuraren da ya fi so su ne hanyoyin da aka sare a cikin daji inda rana ke ɗan leƙowa, bakin ƙoramu, gefen kwatami da duk wani lungu da ƙasa ba ta bushewa sarai. Dalili kuwa a fili yake, nan ne ciyawarsa take.

Wace ciyawa ce Carex? An ce tana da dangantaka da aya, gaskiya ne?

Gaskiya ne. Carex gida ne guda a cikin dangin Cyperaceae, dangin da aya da jiji da kajiji suka fito. Duk wanda ya taɓa murza karan jiji tsakanin yatsu ya ji kusurwa uku, to ya riga ya san alamar da ake gane yawancin dangin nan da ita. Ciyawar kiwo ta yau da kullum karanta zagayayye ne mai gaɓa-gaɓa, galibi da rami a ciki. Na wannan dangi kuwa cikakke ne, kuma ganyen na fitowa ta ɓangarori uku.

Dangin na da nau'i sama da 5,000, kuma Carex kaɗai ta kwashi kusan 2,000, akasarinsu a ƙasashe masu sanyi. Abin da ya keɓe Carex shi ne kowace ƙwayar iri tana cikin wata 'yar jaka da ta rufe ta ruf, sai ɗan baki a sama. Iska ce ke kai mata garin fure, don haka furenta ba shi da wani ado, ba ja ba rawaya, sai kore da ruwan ƙasa. Daga cikin nau'o'in da aka tabbatar tsutsar wannan ƙwaro na ci akwai Carex remota, mai son inuwar kurmi da ƙasa mai danshi, wadda ƙananan zangarniyoyinta ke jere nesa-nesa da juna a jikin kara, da kuma Carex vulpina, mai kauri, ta bakin ruwa.

Wanda yake son sanin wannan ƙwaro, ya fara da koyon gane waɗannan ciyayi. Masu farawa kan yi ta zagaye a daji suna kallon sama, alhali abin da suke nema yana daidai gwiwarsu.

Yaya rayuwarsa take daga ƙwai zuwa girma?

Zubi ɗaya yake yi a shekara. Manyan suna fitowa a watan Mayu da Yuni, lokacin da sanyi ya ja baya a Turai, kuma daidai lokacin ne Carex ke fure. Suna barbara, macen ta saka ƙwai a zangarniyar ciyawar, kuma cikin 'yan makonni zamanin manyan ya ƙare. Abin da mutane ke gani su ɗauki hotonsa ke nan, amma shi ne guntun ɓangaren labarin.

Dogon ɓangaren yana faruwa a ɓoye. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe tana cin ƙwayoyin irin ciyawar yayin da suke nuna. Ba ta sauka ƙasa ta nemi wani abinci, ba ta hawa wata bishiya. Idan hunturu ya shigo, tana nan a matsayin tsutsa cikin zangarniyar, ta jure sanyi da ƙanƙara har zuwa lokacin da gari ya fara ɗumi. A nan ne take shiga matakin kwanciya, wanda jikinta ke narkewa ya sake ginuwa da ƙafafu shida da fikafikai huɗu, sannan babban ƙwaro ya fito a Mayu. Idan aka lissafa, kusan wata goma cikin sha biyu na shekara wannan halitta tana cikin kan ciyawar da bai fi ɗan yatsa ba.

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a sani game da shi, domin kusan duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso: inda za a neme shi, yadda za a rene shi, da abin da ke iya kawar da shi daga wuri.

Me tsutsar ke samu a cikin ƙwayar iri da ba za ta samu a ganye ba?

Abinci mai nauyi da mafaka a wuri guda. Ganyen Carex yana da tauri da kaushi, kuma abin gina jiki a cikinsa kaɗan ne. Ƙwayar iri kuwa ita ce rumbun da tsiro ke tara wa ɗansa guzuri, don haka ƙaramar tsutsa na iya ƙoshi da kaɗan. Ga kuma jakar nan da aka ambata a amsar da ta gabata kan Carex, wadda ke kare ta daga idon tsuntsu da bushewar iska.

Amma akwai farashi. Wadda ta zauna wuri guda ba ta da hanyar gudu. Ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsotsi sun ƙware wajen gano irin waɗannan maɓoya, kuma duk abin da ya sami zangarniyar, ko lauje ne ko bakin barewa, ya sami tsutsar. Haka nan dole fitowar manya ta dace da furen ciyawar. Idan ɗaya ya riga ɗaya da yawa, macen ba za ta sami inda za ta saka ƙwai ba.

Me ya sa ba a cika ganinsa a gindin fitila ba, alhali faɗa-wuta ne?

Saboda da rana yake harkarsa. Ba duk faɗa-wuta ne na dare ba. Akwai dubban nau'o'i masu tashi da rana, kuma 'yan gidan Glyphipterix na cikinsu. Shi ya sa masu kafa tarkon fitila da dare, wanda shi ne babbar hanyar ƙidayar faɗa-wuta a Turai, kan shekara suna aiki a kurmin da yake ciki ba su rubuta sunansa ba.

Game da na daren kuwa, wani bincike da masana daga Kwalejin Imperial ta Landan da abokan aikinsu suka fitar a 2024 ya nuna cewa ƙwari masu tashi suna juya bayansu ne ga wurin da ya fi haske, domin a duniyarsu sama ce ke da haske, kuma da haka suke sanin ina ne sama ina ne ƙasa. Fitila na rikita wannan lissafi, sai su yi ta zagaye ta. Wanda ke tashi da rana tsaka bai cika faɗawa wannan tarko ba.

Na ga yana ɗaga fikafikansa yana saukewa a hankali yayin da yake zaune. Mene ne dalili?

Wannan ɗabi'a ce da aka san 'yan gidan Glyphipterix da ita, kuma tana daga cikin abubuwan da ke saurin tona asirinsu a fili. Ƙwaron zai sauka a ganye, ya ɗan ɗaga fikafikai ya buɗe su kaɗan, ya mayar, ya sake, kamar mai fifita, kuma duk motsi sai zanen azurfar ya ɗauki hasken rana.

Masana sun kawo bayani iri biyu ko uku. Na farko, sigina ce tsakanin namiji da mace. Na biyu, baƙin tabon ƙarshen fiffike da 'yar wutsiyar gezar suna kama da kai mai ido, don haka maharbi zai kai cafka ta baya, ƙwaron ya tsira da ɗan yagewar fiffike. Na uku ya samo ƙarfi ne daga wani dangi dabam, Choreutidae, wanda a da ake haɗa shi da wannan a rukuni ɗaya. A 2006 Jadranka Rota da David Wagner sun nuna cewa ƙananan faɗa-wuta na gidan Brenthia suna kwaikwayon gizo-gizo mai tsalle da zanen fikafikansu da yadda suke riƙe su, har gizo-gizon kan ɗauke su 'yan'uwansa ya fasa kai hari. An yi wannan gwaji ne a kan Brenthia, don haka a kan Brenthia hukuncinsa ya tsaya. Duk da haka ya buɗe ido: zanen da muke gani a matsayin ado a jikin ɗan ƙwaro, wataƙila saƙo ne ga wani mai ido takwas da ke kallonsa daga ganyen da ke kusa.

Ta yaya zan bambanta shi da 'yan'uwansa?

A Birtaniya akwai nau'i bakwai na gidan Glyphipterix, kuma huɗu ko biyar daga cikinsu suna kama da juna sosai. Abin dubawa na farko shi ne baƙin tabon ƙarshen fiffike. Idan akwai ɗigon azurfa a cikinsa, forsterella ne. Idan tabon baƙi ne wuluk ba komai a ciki, a nemi wani suna.

Abu na biyu shi ne wurin da aka same shi da ciyawar da ke wurin, domin kowanne da tasa. Glyphipterix simpliciella, wanda ya fi kowa yawa, ya fi wannan ƙanƙanta da siranta, farin zanensa na baya siriri ne, kuma ana ganinsa da yawa a kan furanni rawaya na Ranunculus a filayen ciyawa. Tsutsarsa na cin irin ciyawar Dactylis glomerata, sannan ta huda kara ta shiga ciki ta kwanta. Glyphipterix haworthana ya fi girma, mazaunin fadamun tsaunuka ne inda Eriophorum mai farin kai kamar auduga ke tsirowa. Glyphipterix equitella yana bin Sedum acre, ɗan tsiro mai kaurin ganye na kan duwatsu da tsofaffin katangu. Glyphipterix schoenicolella kuwa ba ya rabuwa da Schoenus nigricans, wata ciyawar fadama ta dangin aya.

Sauran biyun ba su da wahala. Glyphipterix thrasonella babba ne, launinsa ya fi haske, yana da dogon baƙin tabo mai ɗigon ƙyalli a kusurwar baya ta fiffike, kuma yana zama inda Juncus, wata ciyawar wurare masu danshi, take. Glyphipterix fuscoviridella kusan ba shi da zane sam, tagulla ce zalla. Wato wanda ya san tsirrai ya riga ya yi rabin aikin kafin ya ɗaga gilashi.

Hoto kaɗai ya isa a tabbatar da shi?

Ya isa, idan hoton ya fito da ƙarshen fiffike sarai kuma ƙwaron bai tsufa ba. A ɗauka daga gefe, ba daga sama ba, kuma a ɗauki da yawa, domin ɗigon azurfar yana ɓacewa ko ya bayyana gwargwadon yadda haske ya faɗo. A kula kuma da akasin haka: hasken filasha na iya haifar da ɗigon ƙarya a kan baƙin tabon wani nau'in.

Idan ɓawon fikafikan ya goge, masana kan koma ga duba al'aurar ƙwaron a ƙarƙashin na'urar ƙara girma, domin siffarta ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Akwai kuma hanyar gwajin ƙwayar halitta da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, inda ake karanta wani ɗan yanki na ƙwayar halittar (DNA) mai harafi 658 a kwatanta da na waɗanda aka riga aka sani. Ga wannan nau'in dai, da wuya a kai ga haka.

Ina so in gan shi da idona. Yaya zan yi?

A zaɓi rana mai haske marar iska tsakanin tsakiyar Mayu da ƙarshen Yuni, a nufi kurmi mai danshi, a nemi inda Carex ta yi gungu a gefen hanya ko bakin ruwa, musamman inda rana ke sauka a kanta. Sai a durƙusa a yi haƙuri. Sau da yawa motsin fikafikan da aka bayyana a sama shi ne zai fara jan ido.

Idan kallo bai ba da komai ba, a yi amfani da ragar kama ƙwari mai laushi, a share kan ciyawar da ita a hankali sau 'yan kaɗan, sannan a duba cikinta. Wanda aka kama a sa shi cikin ƙaramar kwalba mai haske, a duba da gilashi mai ƙara girma sau goma, a ɗauki hoto, a sake shi a inda aka same shi. Kada a taɓa shi da yatsa. Kada kuma a tattake ciyawar garin nema, domin 'ya'yan baɗi a kanta za su zauna.

Ana iya renon tsutsar a gida?

Ana iyawa, kuma da irin wannan reno ne aka gano abincin yawancin ƙananan faɗa-wuta. Ana tsinko 'yan zangarniyoyi daga wurin da aka san ƙwaron yana nan, a ajiye su cikin mazubi mai shan iska a waje, inda sanyin hunturu zai same su yadda zai same su a daji. Ɗaki mai ɗumi na sa su fito kafin lokaci ko su bushe, danshi mai yawa kuma na kawo fumfuna. Wani lokaci abin da zai fito ba faɗa-wuta ba ne, ɗan zanzaro ne da ya cinye tsutsar. Shi ma a rubuta shi, domin bayani ne mai daraja.

A ɗebi kaɗan, a bar mafi yawa. A wuraren da doka ta keɓe don kare halittu kuwa, sai da izinin masu kula da wurin.

Wa ya fara bayyana shi a ilimance?

Johan Christian Fabricius ne, a 1781. Mutumin Denmak ne, an haife shi a 1745, ya rasu a 1808, ya yi karatu a hannun Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin raɗa wa halittu sunayen kimiyya, a Uppsala ta ƙasar Suwidin, sannan ya koyar a Jami'ar Kiel. Ya raɗa wa dubban ƙwari suna. Gidan Glyphipterix kuwa Jacob Hübner na Jamus ne ya kafa shi a 1825, daga baya aka mayar da wannan nau'i cikinsa.

Yana ɓarna a gona ko a tufafi?

Ko kaɗan. Ba ya cin hatsi, ba ya cin kayan lambu, ba ya cin tufa, ba ya cizo. Irin ciyawar daji kawai tsutsarsa ke ci, kuma abin da take ci bai isa ya rage ciyawar ba.

Tambayar dai tana da tushe, domin wasu ƙananan faɗa-wuta masu irin girmansa sun jawo asara mai yawa. Tuta absoluta, wanda ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu a 2016, bai fi shi girma ba, amma daga wani dangi yake dabam, Gelechiidae. Plutella xylostella mai huda ganyen kabeji, wanda manoman lambu a ko'ina cikin duniya suka sani, ya fi kusa da shi, domin babban rukuninsu ɗaya. A cikin danginsa na kusa ma akwai Acrolepiopsis assectella mai cin albasa da 'yan'uwanta a Turai. Masu ɓarnar 'yan tsiraru ne a cikin dubbai, kuma kuskure ne a yi wa duk ɗan ƙaramin faɗa-wuta kuɗin goro a feshe shi da magani.

Akwai shi a ƙasar Hausa?

Wannan nau'in babu shi. Na ƙasashen sanyi ne, kamar ciyawar da yake ci. Amma gidan Glyphipterix ya bazu a duk nahiyoyi in ban da ƙarshen kudancin duniya mai ƙanƙara, har da Afirka, kuma yana da nau'o'i masu yawa a Ostareliya da Niyu Zilan. Edward Meyrick, malamin makaranta a Ingila wanda ya rasu a 1938, ya bayyana nau'o'in ƙananan faɗa-wuta kusan 20,000, da dama daga cikinsu daga samfuran da aka aika masa daga Afirka.

Fadamunmu cike suke da dangin aya da jiji, kuma waɗannan ciyayi suna da nasu ƙananan faɗa-wuta. Misali, tsutsotsin gidan Bactra suna huda karan jiji, har an taɓa kai wani nau'insu tsibirin Hawai a shekarun 1920 don a gwada rage wannan ciyawa da ta addabi manoma. Binciken ƙananan faɗa-wuta a Afirka ta Yamma bai yi nisa ba idan aka kwatanta da Turai, don haka ɗalibin da ya ɗauki raga da gilashi ya zauna a bakin fadama da damina yana da aikin da zai yi na gaske. Hanyar da aka bayyana a amsar neman ƙwaron ita ce dai za ta yi aiki a nan.

Yana cikin haɗarin ƙarewa?

Faɗin yankin da yake zaune, daga Turai har Japan, kariya ce gare shi a matsayin nau'i. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana matakin kurmi ɗaya-ɗaya, domin ƙwaro mai wannan ƙanƙanta ba ya tafiya mai nisa, kuma idan ya ɓace daga wani daji da ke kewaye da gonaki, dawowarsa na da wuya.

Yanayin da ƙwari ke ciki gaba ɗaya a Turai ma abin damuwa ne. Rahoton 2021 kan manyan faɗa-wutan Birtaniya, wanda ya dogara da tarkunan cibiyar Rothamsted, ya nuna yawansu ya ragu da kashi 33 cikin ɗari tsakanin 1968 da 2017. A Jamus, binciken Krefeld na 2017 ya sami raguwar sama da kashi 75 cikin ɗari na nauyin ƙwari masu tashi cikin shekara 27 a wurare 63 da ake karewa. Waɗannan alƙaluma ba a kan wannan nau'in aka tattara su ba, kuma kamar yadda aka faɗa a amsar fitila, tarkon dare bai cika kama shi ba. Shi ya sa rahoton mai lura guda ɗaya da ya gan shi da rana yake da nauyi.

Mai kula da daji, me zai yi don ya ci gaba da zama?

Abu na farko shi ne lokacin yankan ciyawa. Ana yanke ciyawar gefen hanyoyin daji don kada su toshe, kuma hakan daidai ne. Amma idan aka bi hanya gaba ɗaya aka aske ta kan mai uwa da wabi a ƙarshen lokacin zafi, aka kwashe abin da aka yanka, to an kwashe zangarniyoyin tare da tsutsotsin da ke ciki, kamar yadda amsar zagayen rayuwarsa ta nuna. Mafita ita ce yankan karɓa-karɓa: a yanke wani sashe bana, a bar wani sai baɗi, ta yadda kowace shekara akwai Carex da ta tsaya da kanta har Mayu.

Na biyu shi ne ruwa. Zurfafa kwatami da janye ruwa daga ƙasa na busar da lungunan da ciyawar ke so, manyan motocin jan katako kuma na dagargaza su. Na uku shi ne haske: idan aka bar rassa suka haɗe sama da hanya har rana ta daina sauka, ciyawar na rage fure, manyan ƙwarin kuma na rasa wurin shan ɗumi. Sare wasu bishiyoyin gefen hanya lokaci-lokaci yana gyara wannan. Inda barewa suka yi yawa har suna cinye duk abin da ya tsiro a ƙasa, shi ma sai an duba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi mai yawa, kuma suna amfanar malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma da tsuntsaye tare.

Idan na gan shi, ina zan kai rahoto, kuma me zan rubuta?

A Birtaniya, ƙungiyar Butterfly Conservation ce ke tafiyar da shirin tattara bayanan faɗa-wuta na ƙasa, wanda ya fara a 2007 kuma ya shigar da ƙananan nau'o'i a 2016. Ƙasar na da faɗa-wuta kusan 2,500, kuma wajen 1,600 ƙanana ne. Kowace gunduma tana da mai tantance rahotanni, kuma ana iya aikawa ta manhajar iRecord. A sauran ƙasashe, har da namu, iNaturalist na karɓar hoto daga ko'ina, kuma bayanan da aka tantance suna shiga rumbun GBIF inda masu bincike ke ɗauka.

Rahoto mai amfani yana ɗauke da abu huɗu: sunan abin da aka gani, wurin daidai gwargwado, kwanan wata, da sunan wanda ya gani. Ga wannan ƙwaro a ƙara da hoton da ya nuna ƙarshen fiffike, adadin da aka gani, da nau'in Carex da ke wurin. Idan ba a gane ciyawar ba, a ɗauki hoton zangarniyarta kusa-kusa da kuma hoton tsiron gaba ɗaya, a haɗa da na ƙwaron a aika tare.